Kwamfuta ɗaya, iyayen gida huɗu: ranar mai gina shafukan intanet a Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a. Akwai sana'ar da har yau mutanen unguwa suke yi wa kallon zaman kashe wando. Matashi ne a ɗaki a Mabera ko Arkilla, kwamfuta a cinya, ba shago, ba ofis. Maƙwabta na tausaya masa wai ya gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo bai samu aiki ba. Shi kuwa mutum huɗu yake yi wa aiki a lokaci guda, kowannensu yana ganin shi kaɗai ne ubangidansa. Mai gina shafukan intanet ke nan, mai cin gashin kansa.

Su wa ke ba shi aikin? Akwai mai makarantar kuɗi da ke son iyaye su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta waya. Akwai dillalin albasa ko na fata da ke son masu saye daga Legas su ga yana da adireshi kafin su turo kuɗi. Akwai Hajiya mai turaren wuta da atamfofi, wadda kasuwarta ta yi wa Instagram yawa, tana son a riƙa biyanta ta Paystack, wani kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. In Allah ya taimake shi, akwai kuma wani can Amurka ko Ingila da suka haɗu a Upwork ko Fiverr, shafukan da ke haɗa masu ba da aiki da masu yin sa, wanda bai ma san inda Sakkwato take ba.

Wuta da zafi ne suke tsara masa yini. Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Kebbi da Zamfara, kuma kowa ya san ba a yin alƙawari da wutar nepa. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kwamfuta ta ɗau zafi tana huci, mai ita ma kansa ya daina ja. Shi ya sa za ka ga aikin da ke buƙatar natsuwa bayan sallar asuba ake yinsa, kafin rana ta buɗe, kafin waya ta fara ƙara. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareta yini guda ya zama cin riba, don haka duk wanda ya samu kuɗin farko mai kauri, sola da batir yake fara saya. Layin waya kuma biyu ne aƙalla, in sabis ɗin MTN ya ɗauke a koma Airtel.

Sai batun agogo. Birnin New York na bayanmu da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara. Ƙarfe tara na safiyarsu ya yi daidai da biyu ko uku na rana a nan. Wato lokacin da zafi ya kai maƙura, a lokacin Bature yake shigowa ofis da sabon ƙarfi yana neman a yi taro ta bidiyo.

Amma fa duk wannan ba shi ne wahalar ba. Gina shafin ma, ga wanda ya ƙware, da sauƙi. Manhajar gina shafuka ta WordPress, wadda ta fito a 2003, ita ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, kuma yawancin ayyukan cikin gari da ita ake yinsu. Abin da ke cinye lokaci shi ne mutane.

Ɗauki mai makarantar nan. An yi ciniki, an ce ya turo hotuna da tarihin makaranta da sunayen malamai. Shiru mako uku. Ranar da mai aikin ya duƙufa kan shafin Hajiya, sai ga saƙon murya mai minti shida: "Injiniya, wanga aiki gobe nike son shi, muna da taron iyaye." Kafin ya gama saurare, Alhaji mai albasa ya kira: "Ɗan gyara ne kaɗan, a canza launin, a ƙara wurin Faransanci saboda mutanen Nijar." Ɗan gyaran nan aikin kwana biyu ne. Kuma duk lokacin da mai rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ya bar wani aiki ya leƙa wani, sai ya sake tuno inda ya tsaya, abin da ya riga ya gwada, da abin da ya ɓaci. Kiran minti biyar kan ci rabin awa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

To ta yaya waɗanda suka daɗe a harkar suke yi?

Ba sa taɓa kwamfuta sai an rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, ko da a WhatsApp ne: shafi nawa, me zai ƙunsa, gyara sau nawa ne kyauta, yaushe za a miƙa, kuma ranar za ta fara ƙirguwa ne daga lokacin da kwastoma ya kawo kayansa. Suna karɓar kafin alƙalami, galibi rabin kuɗi, ciko kuma kafin a ɗora shafin kowa ya gani. Wanda ya ƙi ba da rabi tun farko, da wuya ya ba da duka a ƙarshe. Suna ware babban aiki ɗaya a yini, sauran su jira. Saƙonni kuma suna da lokacinsu, misali bayan azahar da bayan isha'i.

A nan ne al'adarmu take shigowa, kuma a ganina nan ne matasa da yawa suke faɗuwa. An tarbiyyantar da mu ba a ce wa babba a'a. Alhaji sa'an mahaifinka ne, watakila ma tare suke sallah. Sai kunya ta sa yaro ya ce "yanzu-yanzu, ranka ya daɗe", ya faɗa wa mutum huɗu haka a rana ɗaya, ya saɓa wa uku, daga nan ya fara ɓoye wa kira. Alhali ba sai an ce a'a ba. "Ranka ya daɗe, akwai aikin da ke gabana, in sha Allahu naka ranar Alhamis" magana ce ta ladabi, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa gane ta, don shi ma haka yake yi da masu binsa kaya. Aikin 'yan uwa da abokai, wanda ake biya da "Allah ya yi albarka", shi ma a sa shi a layi kamar kowa, don awanninsa ba su fi na sauran gajarta ba.

Saura kuɗi. Kwastomomi da yawa na ɗauka shafi kamar allon shago ne, an kafa an gama. Haya ce. Sunan shafi ana sabunta shi duk shekara, ma'ajiyar da shafin ke zaune a cikinta ita ma haka, kuma in ta ƙasar waje ce da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi wa kwastoma alƙawarin farashi ɗaya na shekara uku, daga aljihunsa ya cike. Shi ya sa wasu suka koma sunaye masu ƙarewa da .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su, ana biya da naira. Kuma a yi rajistar sunan da sunan mai shafin, da imel ɗinsa. In ba haka ba, ranar da aka ɓata ko mai aikin ya bar gari, makaranta ta rasa adireshinta.

Kuɗin waje yana da daɗi, amma ba duka ke isowa ba. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari, sannan ta riƙe sauran kwana 14 kafin a iya cira ta kamfanonin tura kuɗi irin su Payoneer. Ga shi wata guda aiki ya yi yawa har barci ya gagara, wata na biye ko sallama babu.

Maganin da masu wayo suka samo shi ne kuɗin kulawa na wata-wata. Bayan an miƙa shafi, a yi sabuwar yarjejeniya: duk wata za a sabunta manhaja, a ajiye kwafin shafin saboda tsaro, a sa sababbin hotuna da farashi, a kan kuɗi kaza. Mai kwastoma goma irin wannan ya san kuɗin data da na cefane sun fita tun ranar ɗaya ga wata, don haka in wani ya zo da aikin gaggawa a farashin wulaƙanci, yana iya ba shi haƙuri ya haɗa shi da wani ƙaninsa a sana'ar da ke neman aikin farko.