Amsoshin Tambayoyinku: Ɗalibi ne ko ma'aikaci?

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da war haka. Takardu sun taru, lokaci kuma ba ya jira.

Wani daga Gusau ya ce sun yi musu a majalisa kan ko akwai filin wasan jami'a a Amurka da ya fi na Abuja girma. Akwai. Na Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, na Abuja kimanin 60,000. Ka ci musun, sai a ba ka goronka.

To, ga wadda ta fi yawa. Daga Maraɗi, daga Yola, har daga Zangon Kumasi, tambayar ɗaya ce: da gaske ne jami'o'in Amurka sun fara biyan ɗalibansu 'yan wasa, kuma me ya sa ake ta ce-ce-ku-ce? Barista, kai ka yi karatu a can, bismillah.

Barista: Na gode. Ai sai mun koma 1906, lokacin da aka kafa hukumar kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda yanzu ake kira NCAA. Matasa ne ke ta mutuwa a ƙwallon nan tasu ta karo da juna, har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki. Ni ma da na fara kallonta ban gane komai ba, ga wani sanyi da...

Mai gabatarwa: Ranka ya daɗe, maganar kuɗin fa?

Barista: Yauwa. Shekara da shekaru dokar hukumar ita ce ɗalibi ba ya karɓar ko sisi, sai kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. Alhali gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i da ake yi a watan Maris kaɗai tana kawo wajen dala biliyan ɗaya a shekara. Koci irin Nick Saban, lokacin da yake Jami'ar Alabama, ya kai yana ɗaukar fiye da dala miliyan 11 a shekara. Sai a 2009 Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan kwando na jami'ar UCLA, ya kai ƙara, bayan ya ga kamanninsa a wasan kwamfuta ana sayarwa ba a ba shi komai ba. A 2021 Kotun Ƙoli, alƙalai tara baki ɗaya, ta kayar da NCAA a wata shari'ar. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar ɗalibi ya yi talla da sunansa da hotonsa ya karɓi kuɗi. A Yunin 2025 kuma mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da za a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita wa mai sauraronmu na Maraɗi. Ƙofa biyu ce. Ta farko, tun 2021, kuɗin talla daga kamfanoni. Ta biyu, tun 2025, kuɗi daga hannun jami'ar kanta. Talla daban, na jami'a daban. Ni dai a ganina an makara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, yaro ya karya gwiwa koci ya gina gida. Masu suka fa, Barista, me suke cewa?

Barista: Suna da hujja, kar ka raina su. Karatun kyauta a can ba ƙaramin abu ba ne, kuma cikin ɗari ba a samun biyu da ke zama ƙwararru. Sannan yawancin kuɗin wajen ƙwallon karo da kwandon maza zai tafi. 'Yan ninkaya da 'yan tsere fa? Ga dokar 1972 da ta hana nuna wa mata bambanci a makarantu, ita ma ana ja a kanta.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Kaduna ta ce ɗanta dogo ne, ko ta tura shi ya kwaso nasa rabon? Hajiya, tsawo kaɗai ba ya jefa ƙwallo a kwando. Hanya dai akwai, Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi Jami'ar Houston, Tobi Amusan ta yi tsere a Jami'ar Texas da ke El Paso. Amma ki ji da kyau: ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ba a yarda ya yi aikin kuɗi yadda ya ga dama ba, don haka tallan da ɗan ƙasa zai yi, shi zai iya jawo masa matsalar biza. Na sake faɗa, bizar karatu ba takardar aiki ba ce. Kuma kar ki ba wani dillali kuɗi don ya ce zai samo masa gurbi.

Mai tambaya daga Zariya kan ko wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, za su kai ga haka, malam, a fara samun gidan talabijin da zai sayi gasar tukuna. Takardarka ta biyu kuma, rubutun ya gagare mu karantawa, a sake aikowa. Barista, mun gode.