Yadda ƙwayoyin atuni ke kutsawa bangon hanji, da yadda jiki ke mayar da martani

Tsakanin abin da ke cikin hanjin mutum da jininsa, layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, manne da juna gam, sai majina da ta lulluɓe su. Wannan siririn bango shi ne ƙwayar cutar gudawa ke nema ta keta.

Kafin ta kai gare shi sai ta tsallake ruwan tsamin ciki, wanda ke kashe yawancin bakteriya. Shi ya sa ƙwayar kwalara sai an haɗiye ta da yawan gaske kafin ta kwantar da mutum. Shigela kuwa, mai haddasa atuni, tana jure tsamin, har guda 10 zuwa 100 ma sun isa. Dalilin da ya sa hannu marar tsabta kaɗai ke yaɗa ta ke nan. Likitan Japan Kiyoshi Shiga ne ya gano ta a 1897.

To, ga ta a babban hanji. Ba ta iya shiga ta saman ƙwayoyin bangon cikin sauƙi. Sai ta bi ta wasu na musamman da ake kira ƙwayoyin M, waɗanda aikinsu shi ne ɗauko samfurin abin da ke hanji su miƙa wa garkuwar jiki. Da ta tsallaka, makrofej, wata farar ƙwayar jini mai haɗiye baƙin abubuwa, ta cafke ta. A ƙa'ida nan ya kamata zancen ya ƙare. Amma Shigela tana fasa jakar da aka kulle ta a ciki, ta hayayyafa, ta kashe makrofej ɗin. Wajen mutuwar nan ake sakin sinadarin IL-1, mai tayar da kumburi da zazzaɓi.

Yanzu tana ƙarƙashin bangon, inda ba majina. Ku dubi jikinta da kyau: akwai wasu 'yan tsinkaye kamar allurar sirinji. Da su take huda ƙwayar bango ta zuba mata furotin, sai fatar ƙwayar ta tattare ta zagaye bakteriyar, ta shigar da ita da kanta. Shigela ba ta da jelar iyo. Abin da take yi shi ne tara aktin, wani furotin mai kama da zare na ƙwayar da ta shiga, a bayanta, zaren ya riƙa tura ta gaba har ta faɗa cikin maƙwabciya. Haka take bi daga wannan zuwa waccan ba tare da ta fito inda garkuwa za ta gan ta ba.

Ƙwayoyin da aka shiga sai su saki IL-8, su kira nutrofil, wasu fararen ƙwayoyin jinin da suka fi kowa iya kashe Shigela. A nan ne mafi yawan ɓarnar take. Don su isa wurin, nutrofil na ratsawa ta tsakanin ƙwayoyin bango, su ɓalle mannewarsu, kuma ta waɗannan kafofin wasu bakteriyar ke samun shiga. Sinadaran da suke fesawa suna cin naman hanjin, ya yi gyambo. Jini da majina da mugunyar da ake gani a bayan gida daga nan suke, haka murɗar ciki da yawan yunƙuri ba tare da wani abin kirki ya fito ba. Nutrofil ɗin ne dai kuma a ƙarshe ke gamawa da cutar, bangon ya sake tsirowa cikin 'yan kwanaki.

Salmonela, wata bakteriyar mai sa gudawa, ta ma fi wayo: kumburin da take tayarwa yana samar da wani sinadari, tetratayonet, da take numfashi da shi, ta rinjayi bakteriyar kirki na hanji. Kwalara ba ta shiga bango sam. Tana manne ne a ƙaramin hanji ta saki dafi, ƙwayoyin su yi ta fitar da gishiri, ruwa ya bi shi, har lita guda a awa idan ta yi tsanani.

Wannan bambanci shi ke nuna abin yi. Hanyar da hanji ke tsotsar gishiri tare da sukari ba ta tsayawa ko da kwalara, don haka ruwan gishiri da sukari na ORS ke aiki. A bi awon ruwan da aka rubuta a jikin fakitin, kada a kaurara shi. Yaro a ba shi zink kullum na kwana 10 zuwa 14.

Idan akwai jini a bayan gida, don Allah kada a sha maganin tsayar da gudawa irin lofaramaid, domin riƙe ƙwayoyin yake a hanji. Kada kuma a saya wa kai maganin kashe bakteriya. Atunin Shigela na bukatarsa, amma akwai wani nau'in bakteriyar ikolai mai sa gudawar jini, mai dafin da ake kira Shiga, da maganin kan iya ƙara masa haɗarin lalata ƙoda. A kai mai jinya asibiti a ranar, musamman yaron da fitsarinsa ya ragu, ko idonsa ya zurma, ko ya kasa shan ruwa.