Yadda mai ke isa ga motar soja a bakin daga
(Lacca da aka gabatar a Garwa)

Assalamu alaikum. Jama'a, mu fara da hanya. Tun da matatar Sonara ta Limbe ta yi gobara a 2019, man da muke sha a Kamaru daga waje ake shigo da shi. Jirgin ƙasa ke ɗauko shi daga Duwala zuwa Gaundare, inda layin dogo ya ƙare. Daga nan sai tankokin mai su karɓa: Garwa, Marwa, Mora, har Kusiri. Cadi kuwa tana da matatar Jarmaya tun 2011, amma daga Njamena zuwa Faya tafiya ce ta kwanaki cikin rairayi.

Jami'in da ke riƙe da mai da kwana yake lissafi. Mu ɗauki misali: Land Cruiser 30, kowacce tana cin kilomita 200 a rana. A ƙasa mai yashi, a ce lita 20 a kilomita 100. Lita 40 ke nan kowace mota, 1,200 duka, wato duro shida na lita 200 kullum. Kwana goma, duro 60. Kowane duron gas, wato man dizal, in ya cika, ya kusa kilo 190, don haka wata babbar mota ce za ta ɗauka, ita ma kuma sha take yi, zuwa da dawowa. A nan sababbin jami'ai ke tuntuɓe. Da damina, tsakanin Mora da Dabanga, mota na iya wuni tana haƙa laka ba ta gusa ba, mai kuwa yana ƙonewa.

To, sai ruwa. Duron da ya rage rabi yana yin gumi daga ciki in dare ya yi sanyi. Ruwan ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a ƙasa. Wanda ya zura tiyo har gindin duro, shi zai fara zuƙowa, injekta, mai fesa mai cikin inji, ta lalace. Shi ya sa ake barin duro ya huta bayan an sauke shi, a ɗaga tiyo kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a tace kafin a zuba a jarka ta lita 20. Zuwa-zuwa kam, wato man sumoga da ake sayarwa a bakin titi, kada ma a kusance shi, Allah kaɗai ya san me aka gauraya.

Kada a cika duro maƙil, zafin Marwa zai kumbura shi. A ajiye a inuwa, rukuni-rukuni da tazara, don in wuta ta kama ɗaya kada ta cinye duka. Kafin a buɗe famfon tanka, a fara ɗaura mata wayar ƙasa, wadda ke sauke lantarkin da ya taru a jikinta zuwa ƙasa.