Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi a Taron Bita na Malaman Labarin Ƙasa, Zariya

Mai girma Kwamishinan Ilimi, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, malamanmu na jami'a, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin malaman labarin ƙasa na makarantun sakandaren Zariya da kewaye, ina yi wa mai girma barka da zuwa da sannu da hanya. Mun san irin ayyukan da kuka ajiye kuka taso daga Kaduna domin amsa gayyatarmu, Allah ya saka da alheri. Kun sauka a garin da ya daɗe yana renon malamai, domin nan Kwalejin Barewa ta dawo a 1949, kuma nan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wadda da yawa daga cikinmu a sashenta na labarin ƙasa muka fara riƙe taswira.

Ranka ya daɗe, abin da ya tara mu shi ne matsayin malamin labarin ƙasa a makarantunmu. Tun da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) a 1982, darasinmu ya narke cikin nazarin zamantakewa a ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma ya zama na zaɓi. Da ɗalibai suka ragu, sai malamin ya koma wanda ake cike gurbi da shi: bana a ba shi wannan darasi, baɗi a ba shi wancan, har shekaru su ja ya rasa abin da zai ce shi ne sana'arsa. A ganina wannan ya fi rashin kayan aiki ciwo, domin wanda bai ɗauki kansa ma'abocin fanni ba ba zai nemi ƙarin sani a cikinsa ba.

Alhali kuwa aikin namu ba wanda zai iya yin sa da ka. Ku ɗauki yaro ku kai shi gindin Dutsen Kufena da taswira mai ma'aunin 1:50,000 a hannunsa, ya gane cewa santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa, sannan ya fara hawa yana haki, ya duba ya ga layukan da ke nuna tsayin ƙasa a taswirar sun matsu da juna daidai inda ƙafarsa ta fi wahala. Wannan yaro ba zai sake jin tsoron tambayar taswira a jarrabawar WAEC ko NECO ba. Haka nan idan ya tsaya bakin kwazazzabo a gefen rafin Kubanni ya ga yadda ruwa ke cin gona, ko ya riƙa duba ma'aunin ruwan sama kowace safiya daga Mayu zuwa Oktoba har ya tara kusan milimita 1,000, to ya fahimci zaizayar ƙasa da yanayin damina, zai kuma iya yi wa mahaifinsa manomi bayani. Malamin da zai kai yaro nan sai shi ma an taɓa kai shi.

Muna godiya da rajistar da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, ke yi mana, wadda aka kafa a 1993, da kwasa-kwasan Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976. Sai dai takardar shaida ba ta sabunta ilimi, kuma akwai dattawa a cikinmu da suka gama karatu kafin na'urar GPS da hotunan tauraron ɗan'adam su shiga wayar kowa.

Saboda haka muna roƙon mai girma ya taimaka a mai da wannan bita ta kowane dogon hutu, tare da malaman jami'a, a kuma bar malamin labarin ƙasa a kan darasin da ya karanta. Muna roƙon taswirori da kamfas mai nuna alƙibla da ma'aunin ruwan sama, da motar fita daji ko da sau ɗaya a zango. Mu kuma mun ɗauki alkawarin haɗa kowane sabon malami da tsohon hannu da zai riƙa shiga ajinsa yana gyara masa.

Yanzu ina gayyatar mai girma ya buɗe mana wannan taro, daga nan kuma ya zagaya ya ga taswirar unguwannin cikin ganuwa da ɗalibanmu suka zana da hannunsu. Allah ya mai da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum.