Bango Mai Numfashi: Hira Kan Tare Zafi Da Hana Yoyo

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau hirar ta gida ce: yadda za a tare zafi da sanyi, a hana yoyo, ba tare da an cutar da muhalli ba. Injiniya, bari in fara da abin da ya dame ni. Shekara biyu ke nan fentin ɗakina yana kumbura daga ƙasa. In na taɓa sai ya ɓare, wani farin gari kamar gishiri ya biyo yatsana. Mai gyara ya shafa fenti mai kama da roba, abin ya dawo.

Injiniya: Ai gishirin ne da gaske, Hajiya. Bulo yana tsotsar ruwa daga ƙasa kamar lagwani, ruwan ya hau da gishiri, in ya bushe ya bar shi a fuskar bango. Shi kuma fentin robar ƙofa ya rufe wa danshin, shi ya sa ya tura fentin waje.

Malam: To Injiniya, mene ne haɗin wannan da maganar tare zafi? Ni a ganina aiki biyu ne.

Injiniya: Aiki ɗaya ne, Malam. Duk abin da ake shimfiɗawa a saman silin ko cikin bango don tare zafi, iskar da ke maƙale a cikinsa ce ke aikin. Ruwa kuwa ya fi iska wuce da zafi sau sama da 20. Da zarar kayan sun jiƙe, ruwa ya kori iskar, amfaninsu ya tafi, fumfuna ta biyo baya.

Hajiya: Allah sarki. To waɗanne kaya ne ba sa cutarwa?

Injiniya: Wanda na fi so shi ne na tsofaffin jaridu. Ana niƙa takardar ta koma kamar auduga mai launin toka, kusan kashi 80 cikin 100 na kayan takardar da aka riga aka yi amfani da ita ce. Sai a hura ta da inji ta cika kowane lungu tsakanin katakan rufi.

Malam: Takarda a ƙarƙashin rufi? Gobara fa? Gara fa?

Injiniya: Tambayar da kowa ke yi ke nan, kuma tana kan hanya. Ana gauraya ta da sinadarin boret, wanda ke rage kamawar wuta, ƙwari kuma ba sa son sa. Sai dai ba ta son jiƙa, dole a fara gyara rufi. Akwai kuma gashin tumaki, mai iya shan laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, ka damƙa da hannu ka ji shi a bushe, iska ta bushe ya sake ta.

Hajiya: Ni wanda ya burge ni shi ne na ɓawon itace, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi.

Injiniya: Ƙwarai. Ana ɓare shi duk bayan shekara 9 ba tare da an sare bishiyar ba, kuma kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa. In an turara ɓarɓashinsa, ƙaron jikinsa ne ke manne shi ya zama allo, ba a ƙara masa gam.

Malam: Amma a faɗi gaskiya, soson roba ya fi su tare zafi in kaurin ɗaya ne.

Injiniya: Haka ne, musamman irin wanda ake fesawa. Sai dai daga man fetur ake yin sa, kuma iskar da ake kumbura shi da ita a da tana cikin waɗanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana saboda ɓata sararin ozon, wato shimfiɗar iskar da ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Waɗanda suka maye gurbinta ma suna ɗumama duniya, shi ya kawo gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016. Ni in akwai fili, gara in ƙara kaurin takarda.

Hajiya: Hana ruwan fa? Kowa kwalta da leda ya sani.

Injiniya: Tun kafin a sayi komai, a nisanta ruwa da bango: bakin rufi ya zarce sosai, indararo ya zubar nesa, ƙasa ta gangara daga jikin gini. A tushen gini akwai yumɓun bentonait, wanda ke kumbura in ya sha ruwa ya toshe hanya da kansa. A jikin bango kuma filastar farar ƙasa: ruwan sama ya taɓa ta ya bushe da wuri, tururin ciki ya sami hanyar fita. A Maroko suna goge ta da dutse, su shafa sabulun man zaitun, har a banɗaki tana tare ruwa. Tadelakt suke kiran ta.

Hajiya: To ni yanzu daga ina zan fara?

Injiniya: Ki sa a kankare fentin robar nan gaba ɗaya. A duba bayan ɗakin, in ƙasa ta taru a jikin bango a janye ta, in bututu na ɗiga a gyara. Sannan ki bar bangon ya sha iska, ko da zai ɗauki watanni, kafin a yi masa filastar farar ƙasa.

Hajiya: Gobe da safe zan zagaya bayan ɗakin in duba. Na gode Injiniya, na gode Malam. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.