Darasi: Neman rubutu a rumbun bayanai da LIKE, da tarkon da ke cikin karan ƙasa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau LIKE za mu taɓa, wato yadda ake neman rubutu a rumbun bayanai alhali ba ka riƙe shi gaba ɗaya ba, wani ɓangarensa kawai ka sani. Na ɗauka kowa ya buɗe nasa. Ni PostgreSQL ne a gabana, amma mai MySQL ko SQLite ya biyo mu, inda suka sha bamban zan faɗa. SELECT da WHERE ba zan koma kansu ba, an wuce nan.

Ga teburin dalibai, da ginshiƙin suna. In ka sa alamar daidai, ka ce suna = 'Amin', babu abin da zai fito sai wanda sunansa Amin cif-cif. To mu canza:

SELECT suna FROM dalibai WHERE suna LIKE 'Amin%';

Kun gani? Amina ta fito, Aminu ya fito, Amin ɗin ma ya fito. Wannan alamar kashi cikin ɗari tana cike gurbin haruffa komai yawansu, ko ɗaya, ko hamsin, ko ma babu ko ɗaya, shi ya sa Amin shi kaɗai bai tsira ba. In ka mayar da ita gaba, '%tu', sunayen da suka ƙare da tu za ka samu. In ka sa ta gaba da baya, '%min%', ko'ina min ya faɗo a cikin suna an kama shi. Wannan kam ba ya buƙatar dogon bayani.

Ta biyun ita ce karan ƙasa, ɗan layin nan da ke kwance. Ita harafi ɗaya tak take tsaya wa, ba ƙari ba ragi. 'Amin_' zai kawo Amina da Aminu, amma Amin ya fita, Aminatu ma ta fita. Bari in gwada... a'a, tsaya, alamar ɗebewa na danna, ba ita ba ce. Sai an haɗa da Shift. Yauwa, ga su nan su biyu.

To yanzu ku gyara zama, don nan ne nake so mu daɗe. Karan ƙasa ba alama ba ce kawai, harafi ne da mutane ke sakawa a bayanansu kullum: sunayen fayil, adireshin imel, lambobin kaya. Ga teburin kaya, lambobinsa irin su AB_12 da AB_40. Ina son duk wanda ya fara da AB da karan ƙasa, sai na rubuta:

SELECT lamba FROM kaya WHERE lamba LIKE 'AB_%';

Ku duba abin da ya fito. AB_12 na nan, madalla. Amma ga AB712, ga ABX9. Su wa ya gayyato su? Ai injin bai ɗauki karan nan a matsayin kara ba, ya karanta shi da ma'anar "kowane harafi ɗaya". Abin haushin shi ne ba zai yi maka ƙorafi ba. Babu jan rubutu, babu saƙon kuskure, sakamako ne zai miƙo maka lafiya lau, kai kuma ka ga layukan farko daidai suke ka wuce. Yanzu ka yi tunanin DELETE ne a wurin, ba SELECT ba. Ni dai ba na goge komai da LIKE sai na fara gudanar da shi da SELECT na bi layukan da idona.

Maganinsa ESCAPE. Za ka zaɓi wani harafi ka ce wa injin, duk abin da ya biyo bayan wannan, ka ɗauke shi yadda yake:

WHERE lamba LIKE 'AB!_%' ESCAPE '!'

Bari in sake faɗa a hankali. Alamar motsin ran nan ba ita ake nema ba, aikinta kawai ta cire wa karan da ke bayanta ƙarfi. Shi kuma kashi cikin ɗari na ƙarshe, tunda babu alamar motsin rai a gabansa, yana nan da aikinsa na cike gurbi. Haka in kana neman rubutun da ke ɗauke da 50% na gaske, '%50!%%' za ka rubuta: na farko cike gurbi, na tsakiya harafi, na ƙarshe cike gurbi. Na san yana da rikitar da ido. Ku tsayar da bidiyon ku ƙirga su.

Wani zai ce, Malam, ai ni karkataccen layin nan mai komawa baya, wato \, nake sawa kuma yana yi. E, a PostgreSQL da MySQL yana yi, don shi ne suka ajiye tun asali. Amma ka kai wannan umarnin SQL Server ko Oracle ko SQLite, ba su da wani harafi da suka ajiye, sai ka ambata da kanka. Ga shi kuma yarukan shirye-shirye da yawa su ma suna cinye wannan layin kafin ya isa rumbun, ka wayi gari kana jera biyu ko huɗu. Shi ya sa na fi son alamar motsin rai, in rubuta ESCAPE ɗina ɓaro-ɓaro, ko'ina na je ya yi aiki.

Masu gina akwatin bincike a manhaja, wannan naku ne. Kun san ba a manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarni, ana tura shi ta gurbin da aka tanada, saboda masu kutse. Da kyau. Sai dai hakan ba ya kashe waɗannan alamomi biyu. Mutum ya rubuta % shi kaɗai a akwatin, ka miƙa masa teburin gaba ɗaya. Dole kai ka bi rubutun ka sa wa % da _ kariya, har da ita alamar motsin ran kanta, kuma ita za ka fara yi wa, in ba haka ba ka ninka waɗanda ka saka da hannunka.

Sai manya da ƙananan baƙaƙe. Ku ga nan, na rubuta 'amin%' da ƙaramin a, babu ko layi ɗaya. PostgreSQL yana bambancewa, Oracle ma haka. A PostgreSQL sai ka ce ILIKE a madadin LIKE, shi ba ya bambancewa, magana ta ƙare. MySQL kuwa, a tsarin da yake zuwa da shi, bai damu da babba ko ƙarami ba. SQLite shi ne mai wayo: A zuwa Z yana haɗa babba da ƙarami, amma da ka fita daga waɗannan 26 ɗin ya daina. Ke nan 'k%' zai kamo K, amma 'ƙ%' ba zai kamo Ƙ ba. Mai ajiye rubutu da ɓ da ɗ da ƙ ya riƙe wannan.

Af, tunda mun zo nan, sunaye masu hamza kamar Sa'adatu. Wannan ɗan waƙafin na sama shi ne ke rufe rubutu a SQL, don haka sai an ninka shi: 'Sa''ad%'. Guda biyu a jere, ba mai baki biyun nan ba.

NULL kuma, a taƙaice. LIKE '%' ba ya kawo layin da ginshiƙinsa NULL ne, NOT LIKE ma ba ya kawo shi. In kana son su, ƙara OR suna IS NULL.

Saura sauri. In akwai indeks a kan suna, wato jerin da rumbun ke ajiyewa a gefe don saurin nema, 'Amin%' zai iya cin moriyarsa, domin indeks a jere yake kamar ƙamus, ka san harafin farko ka buɗe wurin kai tsaye. Amma '%min' fa? Ba ka san farkon ba, sai an bi layi-layi har ƙarshe. A tebur mai layi 500 ba za ka ji komai ba. A mai miliyan 10 za ka ji a jikinka. Sa EXPLAIN a gaban umarnin, a PostgreSQL in ka ga Seq Scan to duka teburin yake karantawa. Kuma a PostgreSQL, ko 'Amin%' ɗin ma wani lokaci ba ya taɓa indeks sai an gina shi da text_pattern_ops, ya danganta da tsarin harshen da aka kafa rumbun a kai. In kuwa lallai sai ka nemi tsakiyar kalma, akwai pg_trgm, wani ƙari na PostgreSQL, yana yanka rubutu haruffa uku-uku ya yi musu indeks. 

Masu Microsoft Access, na ga tambayarku tun makon jiya, cewa % da _ ba sa yi muku aiki a LIKE. Ku a tsarinku na asali tauraro ne a madadin %, alamar tambaya kuma a madadin karan ƙasa, shi ya sa kuka kwafi nawa bai yi ba. SQL Server kuma yana da ƙari, '[A-C]%' zai kawo duk sunan da ya fara da A ko B ko C, amma kada ku kawo wannan PostgreSQL cikin LIKE, zai nemi bakan nan ne a matsayin harafi.

Aikin gida: a teburin kaya, ku fito min da lambobin da harafinsu na uku karan ƙasa ne na gaske, kuma tsawonsu haruffa 5 daidai. Babu % a amsar ko ɗaya. Ku ajiye ta a ƙasa, zan duba kafin darasi na gaba.