Me Ya Sa Waya Ba Ta Karanta wa Ɗalibi Makaho Takardar da Malam Ya Turo?

[Hannu a kan waya. Fuskar wayar baƙa ƙirin. Murya na fita da sauri.]

Wayar nan lafiyarta ƙalau. Mai ita ne ya kashe hasken fuskar da gangan, don ba shi da buƙatarsa. Ku kasa kunne, wannan muryar manhajar da ke karanta masa abin da ke cikin wayar ce. Idan ko kalma ɗaya ba ku kama ba, kada ku damu, haka kowa ke ji da farko. Waɗanda suka saba da ita sukan ƙara mata sauri har ta zarce yadda muke magana nesa ba kusa ba, kuma babu abin da ke wuce su.

Duk lokacin da irin wannan bidiyo ya zaga, sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu su ce ƙarya ne, mutumin yana gani. Su kam, abin da za su kalla nan gaba kaɗan ya ishe su amsa. Wasu kuma su ce, to ai shi ke nan, a saya wa kowane ɗalibi makaho waya ko kwamfuta, matsalar karatu ta ƙare. Da su nake son mu zanta yau, domin niyyarsu mai kyau ce, kuma a cikinsu akwai malamai da shugabannin makarantu da iyayen da ke cire kuɗi daga aljihu su saya. Akwai mataki ɗaya da ake tsallakewa, kuma saboda shi ne ake samun na'ura sabuwa fil a hannun yaro, amma darasi bai kai gare shi ba.

[Hotuna cikin sauri: harabar makaranta, aji, keken guragu, kunne da na'urar ji.]

Kafin mu kai ga matakin nan, bari mu bi ta kan sauran abubuwan da ke taimaka wa ɗalibai masu naƙasa da hanzari. A 2021 UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne a duniya ke da wata naƙasa. A 2022 kuma ita da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da rahoton da ya ce mutane fiye da biliyan 2.5 na buƙatar aƙalla kayan taimako guda, daga tabarau har keken guragu, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006, ta ware sashe na 24 ga ilimi: yaro ya yi karatu tare da sauran yara, a kuma yi masa gyaran da ya dace da buƙatarsa. Haƙƙi ne, kada a ɗauke shi alfarma.

Ga gangare a maimakon matakala. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce duk tudun mita 1 a ba shi tsawon mita 12, in tsawon bai kai haka ba sai an tura yaron da ke kan keken guragu. Ga ɗan makirufo a wuyan Malama, yana aika muryarta kai tsaye zuwa na'urar da ke kunnen ɗalibi, hayaniyar aji ta koma baya. Ga mai fassara da maganar hannu. Ga rubutu a ƙasan bidiyo. Ga allon hotuna da yaron da ba ya iya furta magana ke nunawa, ko ya danna na'ura ta faɗa a madadinsa. Ga gilashin ƙara girman rubutu. Wannan kuma Perkins ce, injin buga rubutun makafi da ya fito a 1951, har yau ana jin ƙararsa a azuzuwa. Kowanne a cikinsu ya cancanci bidiyo nasa. Yau dai a nan za mu tsaya.

[Fuskar kwamfuta. Takardu biyu gefe da gefe, iri ɗaya sak.]

Ku dubi takardun nan biyu. Darasi ɗaya ne, rubutu ɗaya, dukansu PDF. Da ido ba za ku bambance su ba. Bari mu kunna manhajar karanta allo, wato wadda ke faɗin abin da ke fuskar na'ura da murya, a kan ta hagu.

[Murya tana karanta darasin tiryan-tiryan.]

Yanzu ta dama.

[Shiru. Sai muryar ta karanto sunan fayil ɗin, harafi da lambobi.]

Abin da ta samu ke nan: sunan da kyamara ta raɗa wa hoton. Ta karanto shi kuwa da ladabi, lamba bayan lamba, ba ta ci ko ɗaya ba. Darasin ne dai babu.

Ga dalili. Mutane da yawa na zaton manhajar nan kallon fuskar waya take yi kamar yadda ido ke yi, sannan ta faɗi abin da ta gani. Ba haka take aiki ba. Tambayar na'urar take yi: me ke wurin nan? Idan da madannai aka buga rubutun, kowane harafi yana ajiye a matsayin lamba. Babban harafin A, alal misali, lambarsa 65. Na'ura ta san wannan A ne, na gaba da shi a kalmar L ne, sai ta miƙa wa manhajar, ita kuma ta mayar da shi murya. Amma idan Malam ya ɗora takarda a kan tebur ya ɗauke ta da kyamarar waya, abin da aka ajiye miliyoyin ɗigo ne na launi, wani fari, wani baƙi, wani toka-toka. Idonka ne ke haɗa su ya ga kalma. A wajen na'ura, hoton takardar jarrabawa da hoton bishiya duk abu ɗaya ne. Mayar da hoton PDF bai canza komai ba, hoto ne aka sa a cikin PDF.

To ku lura da inda matsalar ta faro. Wayar yaron ba ta da laifi, manhajar ma haka. Tun a teburin Malam aka yanke ko darasin zai karantu ko ba zai karantu ba, kuma shi Malam bai ma san ya yanke wani abu ba. Sau da yawa ma shi da kansa ya buga takardar a kwamfuta, ya fitar da ita a firinta, sannan ya ɗauki hotonta ya tura. Ainihin fayil ɗin da zai karantu yana nan kwance a kwamfutarsa.

[Yatsa ya danna kalma ya riƙe.]

Gwajin ba shi da wuya. Ku danna kalma ɗaya ku riƙe, ko ku ja linzamin kwamfuta a kanta. Idan kalmar ta yi launi ita kaɗai, alama ce mai kyau. Idan shafin gaba ɗaya ya yi launi, ko babu abin da ya motsa, hoto ne. Sai dai wayoyin yanzu sun iya tsinto rubutu daga cikin hoto, don haka ku ƙara mataki ɗaya: ku kwafi sakin layi guda ku liƙa a wani wuri, ku karanta abin da ya fito. Abin da kuka gani a nan, shi yaron zai ji.

Na san wani zai ce, ai akwai manhajojin da ke karanta hoto. Gaskiya ne, akwai. Tun 1976 Ray Kurzweil ya fito da injin da ke karanta wa makafi shafin littafi, yau kuma ga irin su Seeing AI na Microsoft da Lookout na Google a cikin waya. Sun taimaka ƙwarai, ba na raina su. Amma ku kalli abin da ya faru da wannan shafin.

[Shafi a karkace, inuwar hannu a gefe. Rubutun da manhaja ta fitar a kusa da shi.]

Shafin layi biyu ne a tsaye, ta haɗe su, rabin jimlar hagu ya manne da rabin ta dama. Inda inuwa ta faɗa, kalmomi sun ɓace. Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ sukan rikita manhajar da ba a horar da ita a kansu ba. Ga kuma wanda ya fi tayar mini da hankali: alamar ragewa a wannan lissafin ta tafi, ɗigon da ke tsakanin 2 da 5 ma ya tafi, 2.5 ta koma 25. Mai gani zai waiwaya ga takarda ya gane an yi kuskure. Yaron nan da me zai gwada? Zai yi lissafinsa daidai a kan tambayar da ba daidai ba, a ba shi sifili, a ce bai ƙoƙarta ba. Ko da komai ya fita lafiya, lokacin da ya ɓata yana gyaran takarda, abokansa sun yi nisa da amsawa.

Kuma ba makaho kaɗai abin ya shafa ba. Wannan layin da ƙananan ƙusoshi ke tasowa suna komawa, na'urar rubutun makafi ce ta zamani, ɗigon nan ne da Louis Braille ya tsara a Faransa yana ɗan shekara 15. Da rubutu na gaske take aiki, in ka ba ta hoto ƙusoshin ba su da abin nunawa. Mai raunin gani idan ya ƙara girman hoto, haruffa su dushe, ya yi ta ja hagu da dama a kowane layi, alhali rubutu na gaske a Word ko a shafin intanet yana sake jeruwa ya cika faɗin allo. Yaron da haruffa ke rikice masa wajen karatu, shi ma yana amfana idan na'ura na karantawa tana haska kalmar da take kai. Duk su ukun fayil ɗaya suke jira.

[Word a buɗe.]

To an turo ainihin fayil, an gama? Da sauran rina a kaba, amma kaɗan ce.

Kan magana. Yawancinmu mukan ƙara wa rubutu girma mu yi masa kauri, mu ce mun yi kan magana. Ido ya yarda, na'ura ba ta sani ba. Ku zaɓi layin ku danna nan, inda aka rubuta Heading 1. Yanzu ku duba: da NVDA ko JAWS, manhajojin karanta allo na kwamfuta, a yanayin zagaya takarda, ɗalibi na danna harafin H sai ya tsallaka daga wannan kan magana zuwa na gaba. In babu wannan, takarda mai shafi 30 sai ya saurare ta tun daga farko kafin ya kai babin da yake nema.

Hotunan cikin darasi. Kowane hoto yana da wurin da ake rubuta masa bayani a ɓoye, manhaja ce kawai ke karantawa. Kada ku rubuta "hoton zuciya" ku wuce. Ku tambayi kanku, me na sa hoton nan ya koyar? Sai ku rubuta: zuciya mai ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kibiya na nuna jini yana fita daga ɗakin ƙasa na dama zuwa huhu. A jarrabawa kuma a yi hattara, a bayyana abin da ke cikin zanen ba tare da an faɗi amsa ba. Taswira da siffofin lissafi kuwa, a ganina magana ba ta isar musu, a nemi zane mai tudu wanda yatsa zai bi.

Jadawali a yi shi da abin yin jadawali, a daina jera lambobi da tazara. Lissafi a buga shi da abin rubuta lissafi na cikin manhajar. Kada a ce "ku amsa tambayoyin da aka yi wa ja", a sa musu lamba ko alama. Word ma yana da abin bincike da ke nuna hoton da ba shi da bayani.

[Fuskar mai magana. Babu sauran hotuna.]

Nan ba ni da abin nuna muku, sai dai ku ji ra'ayina. NVDA kyauta ce. Michael Curran ne ya fara ta a 2006 a Ostareliya, James Teh ya haɗu da shi, kuma su biyun makafi ne. Ga kuma ire-irenta da ke zuwa tare da na'ura: VoiceOver na cikin iPhone tun 2009, TalkBack na cikin Android, Narrator na cikin Windows. Wato ɓangaren da ake tsoron tsadarsa ya yi sauƙi fiye da da. Da ni ke riƙe da kasafin makaranta, kafin in ƙara sayen na'ura ko ɗaya, sai na zaunar da malamai rana guda, na sa kowa ya kunna manhajar, ya kashe fuskar kwamfuta, ya nemo tambaya ta biyar a takardar da shi da kansa ya shirya. Na tabbata daga ranar salon shirya takarda zai canza.

Littattafan da ba ku kuka rubuta ba fa? Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta fara aiki a 2016, ta ba hukumomin da aka amince da su damar mayar da littafi yadda makaho zai iya karantawa ba sai sun nemi izinin mai haƙƙin mallaka ba, a ƙasashen da suka shiga cikinta. Ku bincika matsayin ƙasarku, sannan ku nemi fayil daga kamfanin da ya buga littafin.

Ku kuma tambayi ɗalibin da kansa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani Word ya fi so, wani rubutun makafi a takarda, wani manyan haruffa farare a kan baƙi. Ku tura masa tun kafin darasi, domin ba zai iya sauraron Malama da manhaja a lokaci guda ba.

Saura jarrabawa, inda ake yawan jin tsoron kada tambayoyi su fita. Akwai mafita. A sa fayil ɗin a kwamfutar makaranta wadda aka cire wa intanet, a tabbata manhajar da ɗalibin ya saba da ita ce a ciki, da irin muryar da saurin da ya saba. Kafin ranar, wani daga cikin masu kula da jarrabawar ya sa abin sauraro a kunne, ya bi takardar daga tambaya ta farko har ta ƙarshe, yana gwada abin da ya ji da wadda za a raba wa sauran ɗalibai.